Ranar da Saƙon Rasuwa Ya Tsallake Ni

Bayan an rushe mana Zango, mutanenmu suka watse cikin Wagadugu, wasu suka raɓa a Paspanga, wasu Bilbalogo, wasu can bayan gari inda aka yanka musu filaye. Da can in an haihu, guɗa ɗaya ta ishi unguwa. Yanzu sai an bi mutane gida-gida, kuma ni ne mai bin. Ina da ɗan babur, mobilet, ina tashi aiki da wuri, na kuma san ƙofar kowa. In suna ne in ɗaure goro a baya, in rasuwa ce in tafi da bakina kawai. Ba wanda ya naɗa ni, amma ina jin daɗin abin fiye da yadda nake nunawa.

Gidan da na fi son zuwa na Goggo ne, yayar babana. Ba ta karɓar labari a tsaye. Sai na zauna, an dama mini zom-kom mai sanyi, sannan ta fara tatsata: wa ya zo, wa ya ƙi zuwa, wa ta rame. In zan tafi takan ce, "Kai ne Zangona yanzu." Wannan maganar da ita nake taƙama.

Sai ɗan kawuna ya dawo daga karatun kwamfuta, da ɗan gilashinsa da Faransanci fal baki. Aikinsa a kamfani shi ne haɗa manhajoji su riƙa jin labarin juna. A wani taron suna ya tsaya yana yi wa dattawa bayani, ni kuwa ina rabon goro.

"A biro ɗinmu, wato wurin aikinmu, Baba, ba mai bin kowa da labari. In kaya suka iso sito, manhajar sito shela kawai take yi. Duk manhajar da ta yi abone, wato ta yi rajistar jin wannan labarin, zai same ta nan take. Haka zan yi mana da portabul, wayar hannu. Mai son jin haihuwa ya yi abone da haihuwa, mai son jin rasuwa ya yi da rasuwa."

Dattawa baki har kunne, sai sa masa albarka suke yi. Shekaru ina shan rana a titi, ban taɓa samun rabin wannan albarkar ba. Kishi ya turnuƙe ni, na kasa ko taya su murmushi.

Abin haushi, sai abin ya yi aiki. Maigida ya aika saƙo ɗaya, kafin in tayar da mobilet kowa ya ji. Na je wa Goggo da labarin wani aure, ta tare ni da cewa 'yarta ta riga ta karanta mata a waya. "Yaron nan akwai kai," in ji ta. Zom-kom ɗin ranar da ƙyar ya wuce mini.

Ɗan kawun nawa ya same ni har gida. "Yaya, kai kaɗai ka rage ba ka yi abone ba. Aika kalma ɗaya, c'est tout."

Na ce, "Ni za a koya wa jin labarin Zango?" Ya kaɗa kai ya tafi, ni kuma ban aika ba. Zuwa gidan Goggo ma na rage, don ban iya shiga ba tare da wani labari a bakina ba, ga kuma yabonsa da zan sha.

Wata Laraba bayan la'asar na tsaya sayen yadi, mai shagon, mutumin Zango ne, ya kama hannuna ya ce, "Ya haƙuri? Ban gan ka a maƙabarta ba." Goggo ta rasu tun da hantsi, an rufe ta bayan azahar. Waya tana aljihuna duk yinin, ba ta ko motsa ba.

Na isa gidan Goggo, na tarar da ɗan kawun nawa a kan tabarmar karɓar gaisuwa, da jar ƙasa a gwiwar wandonsa. Shi ya shiga kabarin. Na ja shi gefe na ce, "Ko kira ba ka iya ba?"

Ya ce, "Wallahi Yaya, na zaci ka ji. Mai shela ba ya sanin wa ya ji, wa bai ji ba. Kowa ya zo, ban lura ba sai a maƙabarta."

Na shiga wajen 'yar Goggo da faɗan a bakina. Ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Wa zai yi tunanin kai za a kai wa labari? Ita kam tun da ta kwanta, in ta ji ƙarar mobilet a waje sai ta ce in leƙa ko kai ne."

Ana ta yi wa ɗan kawun nawa addu'a a zaure, wai ya tara jama'a a kan lokaci. Har yau ban yi abone ba, kuma har yau in na tuna ƙasar nan ta gwiwarsa, ina jin a tawa ya kamata ta kasance.