Minti Goma Sha Ɗaya na Mai Agogo

"Minti goma sha ɗaya, Malam! Jiya sha ɗaya, yau sha ɗaya. Ina suke zuwa?"

"Haba Malama, mutum ba zai tsaya gaisuwa a hanya ba?"

"Gaisuwa ba ta cika sha ɗaya cif kullum. Akwai abin da ke jan ka."

Bulo ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasu, don haka bayan la'asar ba na bukatar rediyo. Mai tuhumar Malama Lilo ce. Wanda ake tuhuma mijinta ne, mai gyaran agogo, mutumin da matan layinmu suka shekara talatin suna ɗora tukunya da wucewarsa.

Ɗalibai ne suka laƙaba mata Lilo. Shekara ashirin da takwas ta yi tana koyar da kimiyya, kuma duk sabon aji da kwaɗon ƙarfe na kulle ƙofa take tarbarsa. Ta ɗaure shi da zare, ta rataye a ƙusar allo, ta sake shi yana kai da komo. Sai ta matso da maganaɗisu ɓoye a hannun rigarta. Kwaɗo ya karkace, aji ya kaure da ihu.

"Abu ba ya barin hanyarsa haka siddan," in ji ta. "Ko a sama, idan wata duniya mai kewaya rana ta ɗan goce, masana kan zauna da alƙalami su gano ɓoyayyiyar da ke jan ta, tun ido bai gan ta ba."

Da ta yi ritaya ta rasa allo, sai ta koma auna mijinta. Ta ga jar ƙasa a takalminsa, alhali daga shago zuwa gida kwalta ce. Ta ji ƙamshin hodar jarirai a kafaɗar rigarsa. Ta juya bayan kalanda ta ja layuka, duk suka haɗu a lungun bayan tankin ruwa.

Kowa ya san wanda ke zaune a lungun: ɗansu tilo, wanda ya watsar da karatun injiniya ya buɗe shagon aski. Ranar da ya buɗe shagon ta ci alwashin ƙafarta ba za ta taka ƙofarsa ba. Ta riƙe maganar shekara uku. Ko da aka haifa masa 'ya, cewa ta yi, "Allah ya raya," ta ci gaba da tsintar shinkafa, tana zubar da mai kyau tana ajiye tsakuwa.

Washegari rediyona ya kama da wuri.

"Na gama lissafi, Malam. Gidan wanzamin nan kake bi."

"Wanzamin da kika haifa? Ƙwarai kuwa."

"Ko kunya!"

"Ni ma ai na ɗan taɓa lissafi, Malama, zama da maɗaukin kanwa. Kasuwa tana gabas, tankin ruwa yana yamma. Me ke kawo jar ƙasa a takalminki duk Talata?"

"Hanyar ta fi inuwa."

"Ko bishiya ɗaya babu. Sannan 'yar hular ulun da ke ƙarƙashin littattafanki fa? Na gwada, kaina bai shiga ba."

Ina jin agogunan falonsu suna gulma. Sai a lokacin na gane ba jinkirin ke cin ta ba. Ciwonta shi ne tsohon yana samun minti goma sha ɗaya da jika a kafaɗa, ita kuwa sai leƙe daga bakin lungu. Tsawon wata guda ke nan tana tsokanarsa, ko Allah zai sa ya tona mata asiri ta huta.

Da yamma ta yafa mayafi, ta ce za ta je ta tabbatar da lissafi ne kawai. Mai agogo na biye da ita yana cizon dariya. Ni ma, Allah ya yafe mini, ranar hanyata ta goce.

Ɗan ne ya buɗe ƙofa, jaririya a ƙirjinsa tana tsotsar wuyan rigarsa.

"Umma?"

Ta dubi dokin ƙofar, ta dubi ƙafarta, ta zaro 'yar hular daga jaka.

"Kada ka kuskura ka ce na zo. Ni ina kan hanyata, janyo ni aka yi. Miƙo mini mai laifin."