Motar da Ba Ta Jira Inna Ba

A lokacin da abin nan ya faru, ni mai sayar da dankalin turawa ne, ina zaune a unguwar Gangare da iyalina da mahaifiyata. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ni mutum ne mai son tsari, kuma na daɗe ina bin motocin haya har na ɗauka babu abin da za a koya mini game da tafiya. A sanina mota ba ta tashi sai ta cika, kuma idan ɗan kamasho ya san ka, zai riƙe maka direba ko da fasinjoji suna gunaguni.

Ciwon yanar ido ya rufe wa mahaifiyata Inna ido ɗaya, ɗayan ma ya fara dushewa. Aka ba mu ranar aiki a wani asibitin ido a Kano, aka ce wanda ranarsa ta wuce shi zai koma ƙarshen layi, ya jira watanni. Ga shi tana fama da ciwon baya, ba za ta jure matsin motar tasha ba. Sai maƙwabciyar rumfata, wata baiwar Allah 'yar Naraguta, ta nuna mini manhajar sayen tikiti a waya. Ina zaune kan buhu na zaɓi kujeru biyu masu faɗi, na biya.

Ranar tafiya na bi tsarina. Da farko salla, sannan karin kumallo, sannan sallama, domin Inna ta ce ba za ta kwanta gaban likita ba sai ta nemi gafarar mutanen layinmu. Muka bi gida-gida, daga manya zuwa ƙanana, ina riƙe da hannunta, kowace tsohuwa da doguwar addu'arta. Matata ta tuna mini lokacin da aka rubuta a waya, na daka mata tsawa, na ce ai lokacin fara lodi ke nan. Da muka isa ofishin kamfanin, ma'aikaciyar ta ce mota ta tashi tuni, kujerunmu sun tafi babu kowa a kai. Na roƙe ta ta kira direba ya tsaya mana a bakin gari, ta ce ba ta da wannan ikon. Na buga lambar manhajar, wata murya ta na'ura ta yi ta ce mini in danna kaza. Inna tana zaune kan benci da ƙullin kayanta, ta juyo inda take jin muryata ta ce, "Ba ka gaya musu da tsohuwa za a yi tafiyar ba?" 

Cikin kunya na kira maƙwabciyata. Ta fara yi mini dariya, ta ce oga mai tsari yau tsari ya kayar da shi, sannan ta sa na sake buɗe manhajar. Nan na ga motar wani kamfani za ta tashi da rana, da sauran kujeru biyu, ɗaya kusa da ƙofa inda Inna za ta miƙe ƙafa. Kuɗin farko bai dawo duka ba, ban kuma yi jayayya ba. Muka kwana a Kano, da safe aka yi aiki, alhamdu lillahi. Yau Inna da kanta take zura zare a allura.

Ga abin da na koya, bi da bi. Manhaja tana rage wahala, tana nuna maka wata hanya idan ɗaya ta toshe, na kuwa gode wa Allah da ita da wadda ta koya mini. Amma ba ta san fuskarka ba, ba ta jin roƙo, ba ta ganin girman furfura. Duk wanda zai sayi tikiti a waya ya ɗauki lokacin da aka rubuta da gaske, kuma ya samu wanda ya iya ta a kusa. Ban ce a bar sallama da maƙwabta ba, a dai yi ta tun jajibere. Da za mu koma a duba idon, Inna ce ta riga ni fita ƙofa, tana cewa in yi sauri, motar waya ba ta da kunya.