Dagin da Ya Ƙi Tsayawa a Bangon Zaure

Ban taɓa mantawa da ranar da na zaci na ƙona kwamfutar ofis ba, ko da yake an kwana biyu, mai yiwuwa wasu bayanan sun cakuɗe mini.

Lokacin ina sabon ma'aikaci a wani ƙaramin ofishin zanen gine-gine a Gyadi-Gyadi, ina watannin gwaji, ba a tabbatar da ni ba. Aikina in ɗauki zanen gida na takarda in gina shi a kwamfuta, yadda mai shi zai zagaya ciki da waje tun ba a aza bulo ba. Kwamfuta ɗaya ce tal mai ɗaukar wannan aiki, kuma Oga ya sha gargaɗi kada a kunna ta idan wuta na rawa.

Wani Alhaji zai yi gini a Tarauni, ya ce lallai a sa masa dagi a goshin zaure, irin na gidan mahaifinsa a cikin birni. Na zana dagin da shuɗi, na manna a farin bango. Da safen ranar da zai zo gani, ina jin Laraba ce, aka ɗauke wuta aka dawo da ita ina tsakiyar aiki. Da na sake kunnawa na juya gidan, sai goshin zauren ya kama ƙyaftawa. Dagi ya fito, ya ɓace, fari da shuɗi suna cin juna kamar talabijin ta rasa tasha.

Na kashe, na kunna, na canja wayar allo. Har na fara tsara yadda zan gaya wa Umma an sallame ni.

Madam Rahila, babbar mai zanenmu, 'yar Kafanchan, ta ga ina gumi a ƙarƙashin fanka.

"Malam Sadiq, wa ya rasu?"

"Ban dai tabbatar ba, Madam, amma kamar wuta ta taɓa kwamfutar."

Ta jawo kujera, ta juya gidan hagu da dama. "Wutar nan taka akwai son kai. Ta bar falo, ta bar kicin, sai zauren Alhaji ta tsana? Dagin nan, ina kaurinsa?"

Na ce ba shi da kauri, shafe yake a jikin bango.

"To ai shi ne. Ka ajiye abu biyu a wuri ɗaya daidai, kwamfuta ta rasa wanne ke gaba, sai ta nuna wannan ta nuna wancan. Ka taɓa ganin dagin zauren da bai taso daga bango ba?"

Gaskiya ban taɓa gani ba. Na turo shi waje kamar kaurin yatsa biyu. Na juya gidan, na matso, na ja baya. Shiru, ko motsi. Ashe matsalar tana nan tun jiya, ban dai juya gidan ba ne sai bayan wutar.

Alhaji ya iso bayan Azahar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa a kan allon. "Haka na Baba yake. Har inuwarsa." Oga ya raka shi mota, ya dawo ya ce in fara adon cikin gidan gobe.

Abin da na koya, idan na fahimta daidai: komai na gini yana da kauri, ko fenti ne, ko dardumar da ke kan tayil. Kuma tsoro kan hana mutum duba inda matsala ta tsaya, sai ya ɗora wa wuta.

Waɗanda ke ofis ranar, musamman Madam, don Allah ku gyara mini inda na kuskure. Ta dage cewa har ƙwalla na yi. Ni dai gumi na tuna.