Gafakar Malam Halilu

Duk wanda ya taɓa kai niƙa bayan kasuwar Gummi a shekarun baya ya san Malam Halilu, dogon nan da gari ke yi wa fari fat har gira. Abin da ba kowa ya sani ba, izu sittin na cikin kansa, kuma in ka ga allon da ya rubuta ba za ka yarda a wanke ba. Burinsa guda ne tak a duniya: ya rubuta Alƙur'ani cikakke a takarda, da hannunsa, kafin ya mutu.

To amma aikin na cin shekara ko fiye, kuma ba a yin sa da tunanin cefane. Halilu ga mata, ga 'ya'ya biyar, ga gonar da ba ta kai su wata damina. Sai ya ce bari ya fara kafa abin da zai riƙe gida. Ya yi fataucin albasa zuwa Bukkuyum, ya yi turken raguna, har a 1998 ya sayi injin niƙa. Shekara biyar yana tsaye a kansa da 'yar singileti, shi ne tayarwa, shi ne gyara. Takarda kuwa tuni ya saya, ya sa dukawan Anka suka ɗinka masa gafaka, jakar fatar da ake adana Alƙur'ani, ya rataye ta.

Matarsa Barakatu takan tsokane shi. "Malam, wagga gahwaka dai gizo-gizo za ya riga ka rubutu cikinta."

"Bari ki gani," yake cewa. "Rumbu shi cika tukuna."

Rumbu ya cika, har biyu. Ya ɗauki maƙwabcinsa Makau ya damƙa masa injin. Ranar wata Laraba da hantsi ya yi wanka, ya sa farar babbar rigarsa ta Idi, ya yi alwala, ya fiƙe alƙalami uku, ya dama tawada. Barakatu ta ce tun aurensu ba ta ga fuskarsa haka ba.

Bai ɗora alƙalami ba aka yi sallama. Wata tsohuwa ce da ƙwaryar gero, gobe sunan jikanta, Makau kuma ya tafi neman mai. Da wani ne da ya ce ta jira. Halilu bai iya ba, wannan kunyar tasa ita ta cuce shi. Ya ce minti nawa ne, ya shiga rumfar niƙan da rigar a jikinsa, shi da bai taɓa kusantar injin da riga ba. Bel ɗin injin ya kama hannun rigar, ya ja hannun dama tare da ita. A asibiti aka bar masa babban yatsa da ɗan ƙarami, sauran ukun sun tafi.

Injin bai tsaya ba ko na mako guda. Gida ya wadata, aka yi rufin kwano, yara suka yi makaranta. Mutane na cewa Malam ya huta, shi kuwa in ya ji ƙarar injin sai ya ɗauki tabarmarsa ya koma can ƙarshen unguwa. Abin tausayi ne ganin mutum ya samu duk abin da ya yi wa tanadi, ban da abin da ya yi tanadin dominsa. Makau ya ce ya gwada da hagu. Halilu ya ce shi bai iya rubuta zancen Allah da hagu ba, kada a ƙara yi masa maganar.

Shekara huɗu gafakar na rataye. Ran nan Barakatu ta sauke ta za ta kakkaɓe, ta tarar gara ta fara cin gefen takardun. Ta ajiye a gabansa, ta ce, "Malam, ko ka ba wani, ko ka ba gara."

Kwana biyu yana juya maganar a ransa. A na uku ya aika Anka aka kira Malam Uba, abokin karatunsa, wanda hannunsa bai kai nasa kyau ba, kuma duka biyun sun san haka. Halilu ya ɗauki cinsa da shansa. Wata goma sha huɗu Uba na rubutu a zauren, Halilu na gefe yana karanto masa da ka, yana gyara, wani lokaci ya juya kai don kada ya ga yadda aka ja wani harafi.

Da suka kai ƙarshen Suratun Nasi, Uba ya tsaya. 'Yar da'irar da ake rufe aya da ita bai yi ba. Ya tsoma alƙalami ya miƙa.

"Wanga naka na, Halilu."

Halilu ya maƙale alƙalamin tsakanin yatsunsa biyu. Ya yi da'irar, ta fito a karkace, tawada ta ɗan zarce. Ya daɗe yana dubanta, hawaye na bin gemunsa.

Ya rasu a 2009. Alƙur'anin na wajen Barakatu cikin gafakarsa. Masu dubawa kan yaba rubutun Uba, ita kuwa shafin ƙarshe take buɗe musu, ta ɗora yatsa kusa da karkatacciyar da'irar ta ce, "Ga rubutun Malam."