Idon da Na Hana a Cire

A lokacin ni tela ce a unguwar Takur, da aurena da 'yata guda ɗaya mai shekara biyu. Ina ganin kaina wayayya don na yi sakandare, ashe wayewar tawa a baki ta tsaya. Na rubuto muku ne don har yau abin ya ƙi barin raina.

A hoton sallah muka fara ganin wani fari-fari a ƙwayar idonta na hagu, kamar idon mage. Har dariya muka yi. Da ya ƙi tafiya, babanta ya kai mu asibiti a nan Dutse, aka tura mu Kano. Likita ya ce ciwon daji ne, amma an zo da wuri, in aka cire idon za ta rayu. Babanta ya yarda nan take. Ni kuwa ba abin da na hango sai 'ya mace da ido ɗaya, yara suna tsokanarta a hanya. Na ce a bar ni in je Aujara da yarinyar in sanar da Inna, mahaifiyata, kwana biyu kawai.

Inna ta tara ƙawayenta, kowacce ta ce daji ba ya son ƙarfe, da wuƙa ko allura ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Ba zan ɗora wa tsofaffin nan laifin duka ba. Abin da nake son ji suka faɗa, na kuwa rungume shi. Wata biyar na yi a can, daga shafe-shafe sai turare. Duk zuwan da babanta ya yi, a zaure ake tare shi a ce ya ƙara haƙuri, kunyar surukai ta hana shi ɗaga murya.

Sai da idon ya kumbura ya fito waje muka koma Kano. Likitan bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi ciwon ya riga ya shiga kai. Da ta rasu, matan da suka ba ni shawarar su ne a gaba wajen gaisuwa, suna ta cewa kwana ne ya ƙare. Babanta kuwa magana ɗaya ya yi mini: "To, kin tsare mata idon."

Na yarda da ƙaddara, amma na gane gudun asibiti ba tawakkali ba ne. 'Yan uwana mata, in likita ya ce daji ne, kada ku je neman wanda zai faɗa muku abin da ranku yake so. Ni ido na zaɓa a kan 'yata, kuma da idon aka binne ta.