Wushiryar Baba Mai-keke

Duk wanda ya ga Baba Mai-keke bayan an sa masa sababbin haƙora sai da ya yaba. Teloli suka ce ya koma saurayi, mai shagon bakin layi ya ce a ɓoye 'yan mata. Abin da ba a lura da shi ba shi ne, idan ya shawo kwanar layinsu da yamma yakan tsuke leɓe kamar zai yi wani abu, sai kuma ya sake su ya haɗiye yawu.

Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa tun yana matashi. Yana bin shagunan teloli da jakar sukudireba da 'yar kwalbar mai. Allah ya yi shi da wushirya mai faɗi, har tsinken ashana kan wuce ta tsakani, kuma da ita yake wani siririn fito mai hawa ya sauko. Tun suna ango da amarya, daga kwana yake yi wa matarsa shi, ta san ya dawo. Da ciwon suga ya cinye idonta, sai fiton ya tashi daga wasa. Tana wuni ita kaɗai da ƙofa a kulle, kowane takun ƙafa a waje na baƙo ne har sai ta ji wannan sautin. Sannan ta lalubo sakata tana mita.

"Tsoho da kai kana fito kamar ɗan tasha."

"Ɗan tashar kika aura, Tsohuwa."

Sai dasashinsa ya fara jini, haƙoran gaba biyu na sama suka soma girgiɗa. Ya yi ta ɓoyewa har cizon burodi ya gagare shi. Mijin 'yarsa, ma'aikacin banki, mutum mai kirki da ladabi, shi ya ɗauke shi a mota zuwa asibitin haƙori. Duk zuwan da suka yi kuwa ba ya zama a waje. Yakan shigo ya tsaya bakin ƙofa riƙe da hular Baba a hannu biyu.

Likitar mace ce mai sanyin murya. Ta ɗauki hoton muƙamuƙinsa, ta kankare masa dattin da ya daskare da wata na'ura mai tsuwa da fesa ruwa, ta ce biyun nan ba su da sauran gindi. Aka yi masa allurar kashe zafi aka cire su. Ya yi mamaki da bai ji komai ba sai turi. Da wurin ya warke, ta rage na gefe don su riƙe sababbin, ta cika masa baki da wani abu mai sanyi kamar ƙullu don a ɗauki awo.

Ranar gwaji ta ɗora masa su ba tare da ta manna ba, ta miƙa masa madubi. Farare ne, jere reras, babu ko hanyar da iska za ta bi.

"Baba, duba da kyau," in ji ta. "Yau ce ranar magana. Na ga kana da wushirya a da, in kana son ta akwai yadda za a yi a bar maka 'yar tazara. Amma in na manna, na manna."

"Kai, sun yi kyau, Baba," in ji surukin daga bakin ƙofa, yana murmushi da zuciya ɗaya. "Wallahi kamar ba kai ba."

Maganar ta zo wa Baba har kan harshe. To amma ta yaya dattijo mai furfura zai buɗe baki a gaban surukinsa ya ce a bar masa rami don ya riƙa yi wa matarsa fito? Yaron nan ya bar aikinsa ya yi ta jigila da shi. Baba ya mayar da madubin, ya dubi silin.

"Duk yadda kuka ga ya dace, likita."

A yammacin ranar da aka manna su ya gwada fiton a kwana. Iska ce kawai ta fito, fus, da ɗan yawu. Ya ƙarasa ya ƙwanƙwasa. Ya ji numfashinta a bayan ƙofa, ya ji ba ta taɓa sakatar ba.

"Wane ne?"

Bai taɓa jin wannan tambayar daga bakinta ba. Ya ce shi ne, haƙoran suka sa muryar ta fito wani iri, sai da ya maimaita. Da ta buɗe ta kai hannu ta shafa bakinsa, ta bi haƙoran da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ina ƙofar tawa?" ta ce. Ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba.

Ya koma asibitin shi kaɗai a motar haya, ya yi bayani kansa a sunkuye. Likitar ba ta yi dariya ba. Ta ce sai dai a yanke su a sake wasu, kuma na gefen da ke riƙe da su ba su da ƙarfin da za su jure. Ta ce da ya faɗa mata a ranar. Ya ce ya sani.

Yanzu yana goge su safe da dare yadda aka koya masa, yana zura ɗan ƙaramin buroshi ta ƙarƙashinsu. Nama ma yana ci. Ya gwada fito da yatsu biyu, ƙarar ta fito irin ta kowane yaro a layi, matar ta ce kada ya ƙara, gabanta ne ke faɗuwa.

Wata ranar Talata bai je shagon kowa ba bayan azahar. Ya sayo mai a kwalba, ya zauna a bakin ƙofa ya warware sakatar, ya goge tsatsar, ya mayar da ita yadda matar za ta iya zare ta da yatsa ɗaya.