Layi Tara a Littafin Mai Gadi

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Maris, 'yarka ta fari ta bugo mini waya cewa Allah ya yi maka rasuwa bayan la'asar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara ashirin da shida ina riƙe da kai a zuciya, Mai Gadi, kuma mutuwarka ba za ta sa in ɓoye haka ba.

Lokacin da za a rufe sashenmu na nazarin taurari a jami'a, mu bakwai muka tsara takardar ƙorafi. Mu shida muka sa hannu, aka sallame mu. Kai ka ƙi. Aka bar ka da ƙaramin madubin hangen nesa a saman bene da wani ɗaki mai yoyo. Na kira ka matsoraci a gaban jama'a. Abin da ka ce kawai shi ne, "In duk muka tafi, wa zai duba ta?"

Tauraruwarka kake nufi. A gaskiya biyu ne: wata tsohuwa ja mai zubar da iskar jikinta, da wata ƙarama mai nauyi da ke tara abin da ya zubo, har ya yi mata yawa ya kama da wuta. Ƙaramar ba ta mutuwa. Ta haska 'yan kwanaki, ta lafa, ta koma tarawa, sai bayan kusan shekara tamanin ta sake. Manyan na'urorin duniya ba sa zaman jiranta. Dole wani ya riƙa dubawa kullum, ya gwada haskenta da na maƙwabtanta, ya rubuta, don in ta fara dusashewa kafin ta fashe a yi maza a sanar da su. Wannan ne aikinka, shi ya sa muka laƙaba maka Mai Gadi. Da ba'a muka faɗa, kai kuwa ka amsa.

Kowace shekara sai ka aiko mini da kwafin ma'auninka, har da gurbin sa hannuna. Ban taɓa amsawa ba. Ni da aka ce na fi kowa ƙwaƙwalwa a ajinmu, na ƙare ina koyar da lissafi gida gida, ina zagin duniya.

Da aka kwantar da kai a asibiti, 'yarka ta kawo mini mabuɗin benen. Ta ce, "Baba ya ce da idonka kaɗai ya yarda. Wai ta fara dusashewa."

Na ce, "Masu ofis su duba."

Ta ajiye mabuɗin a kan tebur ta tafi. Kwana tara ka yi a kwance. Sai bayan an rufe ka na hau benen. Na tarar ka ja layukan watan duka da fensir a littafin da kake rubuta ma'aunin, ka sa kwanan wata, ka goge madubin ka lulluɓe shi da tsohuwar rigarka.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sa haƙurinka a mizani. Ya ba uwargidanka da 'ya'yanka juriyar rashi. Ni ma ya yafe mini.

Tauraruwar ba ta fashe ba tukuna, ina hawa kullum. Amma a littafin da ka yi shekara arba'in kana cikawa, in ban da ranakun hadari, akwai layi tara babu komai, daidai lokacin da ta fara dusashewa. Babu mai iya cike su.